Rancen albashi ta manhajar banki: sharhi kan sabis ɗin da ya san asusun mutum amma bai damu da lafiyarsa ba

Kusan kowane babban bankin kasuwanci a Najeriya yanzu yana da wani nau'in rance da yake bai wa ma'aikacin da albashinsa ke shiga ta hannunsa, ba tare da jingina ba, ba tare da mai tsaya masa ba, kuma ba tare da ya taka ƙafarsa zuwa reshe ba. Mutum zai buɗe manhajar bankin a wayarsa, ko ya danna wasu lambobi idan ƙaramar waya yake riƙe da ita, ya ga adadin da aka ce ya cancanta, ya amince da sharuɗɗa, kafin ya ajiye wayar alat ya shigo. Wannan sabis ɗin nake so in yi wa sharhi, bisa abin da na gani a bankin da ni da ƙanena muke karɓar albashi, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin tsarin da zan bayyana ba nasa ne shi kaɗai ba. Na san da yawa daga cikin masu karatu ba sa kusantar irin wannan rance saboda kuɗin ruwa, kuma ina girmama wannan matsayi, amma masu karɓarsa a cikinmu suna da yawa ƙwarai, musamman malaman makaranta da ƙananan ma'aikatan gwamnati, don haka ya cancanci a yi magana a kansa da gaskiya.

Yawaitar wannan rance tana da asali. A watan Yulin 2019 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da su riƙa bayar da rancen da bai gaza kashi 60 cikin 100 na kuɗin da jama'a suka ajiye a wurinsu ba, daga baya a cikin shekarar ya ɗaga adadin zuwa kashi 65. Bankin da ke neman inda zai zuba rance cikin gaggawa ba shi da abokin ciniki mafi sauƙi kamar mai albashi, tunda kuɗinsa a hannun bankin suke sauka kowane wata. Sai kuma a ranar 1 ga Agustan 2020 tsarin da ake kira GSI ya fara aiki, wanda ya bai wa banki damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya, ya kwashe abin da ake binsa daga duk wani asusu da yake da shi a wani bankin. Daga nan haɗarin da ke kan mai bayar da rance ya ragu sosai, kuma duk mai bashin da ya tabbata zai karɓi kuɗinsa ko ta halin ƙaƙa, ba ya yawan ɓata lokaci wajen tambayar ko wanda yake bai wa zai iya ɗauka.

Zan fara da abin da ya yi kyau, domin akwai shi kuma ba ƙarami ba ne. Ni kaina na taɓa karɓar wannan rance lokacin da kuɗin makarantar yara ya zo kafin albashi, kuma abin da aka rubuta shi aka cire, ba ƙari ba ragi. Manhajar tana nuna kuɗin ruwa, da ladan gudanarwa, da kuɗin inshora kafin mutum ya amince, kuma ladan gudanarwar bai wuce kashi 1 cikin 100 da ƙa'idar Babban Banki ta ƙayyade ba. Mafi muhimmanci a wurina shi ne rufin asiri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma duk wanda ya taɓa zama a zauren wani yana neman inda zai ɓullo wa maganar rance ya san darajar samun biyan buƙata ba tare da kowa ya ji ba. Idan aka kwatanta da manhajojin rance na kan intanet, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen tura saƙonnin cin mutunci ga duk lambar da ke cikin wayar wanda suke bi, har hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu tarar naira miliyan 10 a watan Agustan 2021, kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a watan Maris na 2022, banki ya fi su mutunci nesa ba kusa ba. Ga mutumin da ke cikin hayyacinsa, mai albashi tsayayye da buƙata guda ɗaya da ya san iyakarta, sabis ne da ke aiki yadda aka ce zai yi.

Matsalar ita ce an gina shi a kan zaton cewa duk wanda ya danna maɓallin amincewa yana cikin hayyacinsa a wannan lokacin, kuma wannan zaton ba gaskiya ba ne ga mutane masu yawa. Ƙanena ma'aikaci ne, magidanci, mai tsantseni da kuɗi a yawancin rayuwarsa, amma yana fama da lalurar da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira baifola, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da ita a shekarar 2019. Ciwon yana zuwa ne ta fuska biyu. Akwai lokacin da mutum zai ji ƙarfi da karsashi fiye da kima, barci ya ƙaurace masa ba tare da ya ji gajiya ba, magana ta yi yawa, tunani ya riƙa gudu, ya ga kamar duk abin da ya taɓa zai zama riba. Sannan akwai lokacin da komai zai faɗi, ya kasa tashi daga shimfiɗa, ya kasa amsa waya, ya ga kansa a matsayin nauyi ga iyalinsa. Kashe kuɗi ba lissafi yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa wajen gane lokacin karsashin, ba wani abu ne da iyalai ke ƙirƙira don su kare ɗan'uwansu ba.

A wani zagaye na ciwon, bayan ya daina shan magani saboda yana jin ya warke, wanda abu ne da ke yawan faruwa ga masu wannan lalura, ƙanena ya yanke shawarar cewa zai zama babban dillalin fitilun sola. Matarsa ce ta kira ni ta ce, “Yaya, don Allah ka zo ka ga abin da ke faruwa, ni dai na rasa yadda zan yi.” Ta buɗe mini ɗakin baƙi, na tarar da kwalaye jere har sun kusa taɓa silin, wasu ko tef ɗin jikinsu ba a yanke ba, babu shago, babu mai saye, babu ko littafin da aka rubuta abin da aka kashe. Da muka samu takardar bayanin asusunsa daga baya, abin da ya fi tayar mini da hankali ba adadin kuɗin ba ne, lokutan da ke gefen kowane layi ne. Rancen farko ya shiga ne bayan ƙarfe biyu na dare, kuma kafin asuba kuɗin sun fita zuwa asusu daban-daban. Ba a jima ba aka ba shi ƙari a kan na farkon, shi ma da tsakar dare, sannan wani nau'in rancen daban mai dogon wa'adi ya biyo baya. Mutumin da ya yi shekaru asusunsa ba ya motsi bayan sallar isha'i, wanda bai taɓa karɓar rance ba, ya karɓi duk abin da aka miƙa masa cikin 'yan makonni, kuma babu wani mataki a tsarin bankin da ya tsaya ya yi tambaya.

A nan ne nake ganin bankin ba shi da uzuri. Idan da katinsa ne aka yi amfani da shi a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba, da nan take an rufe katin an kira shi, domin bankuna suna da na'urorin da ke gane hada-hadar da ta saɓa wa al'adar mai asusu. Ke nan ilimin yana nan, kuma ana amfani da shi a inda asarar za ta iya komawa kan banki. A inda asarar za ta tsaya kan abokin hulɗa kuwa, wannan sauyin ɗabi'ar sai ya zama dalilin ƙara masa adadin da ya cancanta, har saƙonni suna shigo masa a waya ana taya shi murna ana sanar da shi cewa akwai sauran kuɗi da ke jiransa. Ga mutumin da ciwo ke raɗa masa cewa shi na musamman ne kuma arziki na tafe, irin wannan saƙo tamkar zuba fetur ne a wuta.

Na san amsar da bankuna za su bayar, kuma akwai gaskiya a cikinta. Banki ba asibiti ba ne, ba shi da ikon bincikar lafiyar ƙwaƙwalwar kowa, kuma ba na fatan ranar da za a hana mutum rance don kawai an ji yana ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware. Wannan zai zama wariya, zai kuma sa mutane su ƙara ɓoye ciwon da tun farko ake ɓoyewa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a watan Janairun 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, an yi ta ne domin masu wannan lalura su riƙa cin gajiyar haƙƙoƙinsu kamar kowa. Amma abin da nake nema bai buƙaci banki ya san ciwon kowa ba. Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Banki ya fitar a 2019 sun riga sun ɗora wa mai bayar da rance nauyin tabbatar da cewa wanda zai karɓa yana da halin biya. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta hana wanda ake yi wa aiki cire fiye da kashi ɗaya bisa uku na albashin mutum a wata guda, saboda an fahimci cewa dole a bar masa abin da zai ci. Banki kuwa yana cirewa ne bayan albashin ya sauka, kuma a watan da rancen ƙanena suka haɗu, abin da ya rage a asusunsa bai kai kuɗin cefanen mako guda ba, balle kuɗin maganin da ake so ya koma sha.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da iyalai da yawa za su gane. Karsashin ya wuce, damuwar ta sauko, kuma ta sauko ne a kan bashi na gaske wanda yake iya gani a wayarsa. Ya daina buɗe saƙonni, ya juya wayar ya kifa, wani lokaci idan ta yi ƙara sai ka ga jikinsa na rawa. Domin ya ɓoye wa matarsa girman ramin, sai ya shiga karɓa daga ƙananan manhajojin rance don ya cike gurbin abin da banki ya cire, waɗannan kuwa wa'adinsu mako ɗaya ne ko biyu kuma ruwansu ya ninka na banki. Wata rana ya ce mini, “Yaya, ni ne na jawo, ku bar ni da abina,” kuma yadda ya faɗe ta ya sa ban bar shi shi kaɗai ba har muka kai shi wurin likita. Ciwon ne ya haifar da bashin, amma daga baya bashin ne ya riƙa hana ciwon lafawa, kuma likitan da ke duba shi ya gaya mana a fili cewa magani zai yi wahalar kama jiki matuƙar kowane ƙarshen wata yana zuwa masa da fargaba.

Gwajin sabis na gaskiya yana zuwa ne lokacin da abu ya lalace, kuma a nan bankin ya gaza ƙwarai. Mun je reshe da wasiƙar likita mai ɗauke da hatimin asibiti, wadda ta bayyana cewa a makonnin da aka karɓi rancen mai asusun yana cikin halin da ba zai iya auna abin da yake yi ba. Ma'aikaciyar da ke teburin sauraron abokan hulɗa ta karɓe mu da ladabi, ta karanta wasiƙar har ƙarshe, na kuma ga alamar tausayi a fuskarta, sannan ta ce, “Yallaɓai, wallahi na fahimce ka, amma wannan rancen na'ura ce take amincewa da shi, mu a nan ba mu da hurumin taɓa shi.” Ta duba kwamfutarta ta rasa inda za ta shigar da wasiƙar, domin a jerin dalilan ƙorafi akwai zamba, akwai cire kuɗi bisa kuskure, akwai mutuwar mai asusu, amma babu rashin lafiya. Inshorar da aka cire kuɗinta tun ranar farko, da muka karanta takardarta, ta shafi mutuwa ne da nakasa ta dindindin. Ban ga laifin wannan baiwar Allah ba, kuma manajan da muka gani bayanta shi ma bai wulaƙanta mu ba. Abin da ya iya yi bayan doguwar bibiya shi ne tsawaita wa'adin biya, wanda ya rage abin da ake cira a wata amma ya ƙara jimillar kuɗin ruwan. Da na roƙi a toshe wa ƙanena hanyar karɓar sabon rance, bisa buƙatarsa shi da kansa yana zaune a gefena cikin hankalinsa, sai aka ce babu irin wannan tsari, iyaka dai ya goge manhajar daga wayarsa, abin da kowa ya san ana iya mayarwa cikin minti kaɗan.

Wannan buƙata ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ba ta cin banki ko sisi kuma an riga an gwada irinta a wasu wurare. A Birtaniya, tun 2018 bankuna irin su Monzo da Starling suka bai wa abokan hulɗarsu damar toshe wa kansu biyan kuɗi ga kamfanonin caca, kuma a Monzo idan mutum ya so buɗewa sai ya jira aƙalla sa'o'i 48, domin a ba shi lokacin da zafin sha'awar zai wuce. Tun daga 4 ga Mayun 2021 akwai tsari a Ingila da Wales da ke bai wa wanda bashi ya yi wa katutu hutun kwana 60 ba tare da ƙarin ruwa ko matsin masu bin bashi ba, wanda kuma yake karɓar maganin gaggawa na taɓin hankali, hutun nasa yana ɗorewa tsawon jinyar da ƙarin kwana 30. Suna kuma da takarda guda ɗaya da likita ko ma'aikacin jinya ke cikewa domin mai bin bashi ya san halin da ake ciki. Su ma ba da son ransu masu bayar da rance suka kai nan ba. A 2014 sai da hukuma ta matsa wa kamfanin bayar da rance na Wonga ya yafe bashin kimanin fam miliyan 220 da yake bin mutum 330,000, saboda an gano ya ba su rance ba tare da duba ko za su iya biya ba.

Ba sai mun je Turai ba ma kafin mu samu wannan tunanin. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi tanadi a sarari cewa idan wanda bashin zai hau kansa ba shi da cikakken hankalin sarrafa dukiya, ko mai rauni ne, to waliyyinsa ne zai tsaya a madadinsa. Aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan hana wanda ba ya iya riƙe dukiya yin tasarrufi da ita domin kare shi, ba domin tozarta shi ba. Al'ummar da ta tashi da wannan karatu ba za ta ga baƙon abu ba idan banki ya ƙyale mutum, a lokacin da yake lafiya, ya rubuta sunan matarsa ko yayansa a matsayin wanda za a sanar kafin a saki wani rance da sunansa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su ne ya fi dacewa su fara buɗe wannan ƙofa, ko da yake rashin ruwa shi kaɗai ba ya hana a ɗora wa marar lafiya nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Hukuncina a kan wannan sabis ya rabu gida biyu, kuma ba daidai suke da nauyi ba. Wajen sauri da bayyana farashi da rufin asiri, ya cika alkawari. Wajen kare wanda ya fi buƙatar kariya kuwa, babu komai a cikinsa: babu jinkirin kwana ɗaya tsakanin nema da sakin kuɗi, babu kiran waya daga ɗan Adam idan rance ya biyo rance da tsakar dare, babu hanyar da mutum zai rufe wa kansa ƙofa, babu gurbin da wasiƙar likita za ta shiga. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, yawancin masu irin wannan lalura ba su ma san sunan abin da ke damunsu ba, don haka ba za a ce su ne za su kare kansu ba. Ba zan ba duk wanda ya san yanayinsa na hawa da sauka, ko yake fama da matsananciyar damuwa, ko jarabar cacar ƙwallo ta kama shi, shawarar ya bar wannan manhaja a wayarsa ba.

Ga iyalan da suka riga suka faɗa, abin da ya ɗan taimake mu shi ne yin komai a rubuce maimakon magana da baki a kan tebur. A rubuta ƙorafi da sa hannun mai asusun, a haɗa da kwafin wasiƙar likita da takardar bayanin asusu, a nemi a buga hatimin karɓa kuma a karɓi lambar ƙorafi, a kuma ambaci tambayar da ta fi muhimmanci, wato wane bincike aka yi na halin biya kafin a ƙara rance na biyu da na uku. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ƙa'ida ta ba da damar ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, ƙorafin manhajojin intanet kuma a kai shi FCCPC. A lokaci guda a nemi a rage iyakar kuɗin da za a iya turawa daga asusun a rana, a rufe hada-hada ta lambobin waya, a dakatar da saƙonnin talla, kuma kada a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan a bayan idon marar lafiyar, a yi su tare da shi a lokacin da ya samu sauƙi kuma ya yarda.